Kwano da Baranda a Bakin Binuwai

Na sauka Jimeta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na nufi bakin Binuwai kai tsaye, domin ta kogin nan ginin Turawa ya shigo Adamawa. A shekarun 1880 'yan kasuwar Ingila sun iso da hajarsu, amma Lamiɗon Adamawa na lokacin bai yarje musu su kafa gini a tudu ba. A cikin wani tsohon jirgin ruwa da suka ɗaure a kogi suke ciniki.

Sarauniyar Ingila Biktoriya ta rasu a Janairun 1901, a Satumbar shekarar kuma sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Ke nan gidajen Turawan Jimeta bayanta aka gina su, amma dabarar zamaninta suka gada. Dogayen hasumiyoyi da adon jan bulo irin na Landan ba su ƙetaro ba. Abin da jirgi ya iya ɗaukowa shi ne kwanon rufi, wanda aka yi wa rajista a Landan a 1829, ya bazu a duniya a lokacin mulkinta.

A tsohuwar unguwar Turawa wani dattijo mai gadi ya buɗe mini wani gida. An ɗora ginin kan dakali, baranda ta kewaye shi, rana ba ta taɓa bango. Silin ya yi nisa da kai, tagogi suna kallon juna. Na ce, "Baba, babu fanka?" Ya ce, "Ɗana, zauna ka ji." Ban daɗe da zama ba gumi ya bushe.

Da yamma na ƙarasa cikin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. A wani tsohon zauren ƙasa mai kaurin bango na tarar da sanyin nan dai. Maginin gargajiya da Bature duk sun san zafin kwarin Binuwai, kowa ya yi masa tanadi.

Abin da ke damuna shi ne sababbin gidajenmu: siririn bulo, gajeren rufi, sai janareta. Tsofaffin kuwa ana ta rushe su ana jera shaguna. Ya kamata hukuma ta kare waɗanda suka rage, ɗaliban zanen gini su je su auna su, ko ma samu gidajen da za a iya kwana a ciki ranar da babu wuta.