Lomar Baba



Ranar da likita ya ce Babanmu yana da ciwon suga, ba maganar magani ce ta tayar masa da hankali ba, maganar tuwo ce. Mutum ne da ya shekara talatin yana noman masara da shinkafa a Tudun Wada, sai ga shi an ce ya rage cin abin da hannunsa ya noma. Aka koma ba shi 'yar malmala kamar ta ɗan yaye, da kwanon ganye. Sai ya ture kwanon ya ce, "Ni ba akuya ba ne." Cikin wata biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi tsorata ni, na gano yana aiken yara su sayo masa gurasa a ɓoye.

Wani dare na lura da hannunsa yana dunƙulewa a kan tabarma, kamar mai gutsurar tuwo. A nan na gane ba yunwa kaɗai ke damunsa ba, loma yake kewa.

Da hunturu ne, lokacin da noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ke sa kayan lambu araha. Ina dawowa daga Kano motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora, na sayi latas mai faɗin ganye. A gida na niƙa jan nama rubu'in kilo bayan na cire kitsen, na soya da cokali ɗaya na man gyaɗa, albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa da daddawa, gishiri ɗan kaɗan. Latas ɗin na wanke shi ganye-ganye da ruwan kal, na bar shi ya tsane. Na farko da na naɗe ya yi yaushi nan take, don naman da zafinsa na zuba. Na jira ya huce, na sa cokali biyu a kowane ganye, na barbaɗa garin ƙuli, na naɗe kamar tabarma.

Lissafin mai sauƙi ne. A giram 100 na dafaffiyar shinkafa akwai kusan giram 28 na sinadarin da ke komawa suga a jini. A latas kuwa kusan giram 3 ne.

Baba ya dubi farantin ya ce, "Uwata, wannan kuma wane irin ƙunshi ne?"

Na ce, "Loma ce, Baba. A ɗanɗana."

Ya ɗauki ɗaya yana harararta. Sai da ya ci biyar kafin ya nemi ruwa.

Ba warkewa ya yi ba. Yana nan yana shan maganinsa, yana zuwa awo, kuma da rana yana cin ɗan tuwonsa gwargwadon yadda likita ya ƙayyade. Nama ma ba kullum ake samu ba. Wata rana kifi ne, wata rana ƙwai. Idan bazara ta shigo latas ya yi wuya, sai na turara ganyen kabeji. Amma aiken gurasa ya tsaya, kuma ya daina cin abinci shi kaɗai a ɗaki.

Mu da ke jinya mun iya lissafa wa mara lafiya abin da aka hana shi. Ba mu cika tambayar me yake kewa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.