Ƙarfen da hauya ta tono a Damargu

A Damargu ƙasa ba ta riƙe ajiya har abada. Iskar hunturu tana kwashe rairayi, ruwan fari yana zaizaye bakin korama, hauya kuma tana bin sauran. Shi ya sa manoma da makiyaya na Tanut da Balbeji suka saba tsintar ƙananan abubuwa na ƙarfe: zobe, kan kibiya, harsashin dalma, maɓallin rigar soja, tsohon kuɗi. Da can yara ne ke wasa da su, ko a kai wa maƙeri ya narka. Tun shekarar 2014, da aka ga zinariya a Jado, samari da yawa sun koyi aiki da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, wasu har sun komo gida da ita. Abin da ake tonowa ya ƙaru. Wata magana kuma ta shigo kasuwa: duk tsohon kuɗin da ke da kan mutum, sai a ce na Rumawa ne.

Akwai wani manomi a wani ƙauye na wajen Gangara. Ya ba shekara 50 baya. Rani biyu ya yi yana zuwa karatun yaƙi da jahilci, yana iya karanta takarda a hankali, yana bi da yatsa. Wata damina, yana noman farko a wata gona tasa da ke kan tsohon kufai, ya tsinci abu uku cikin kwana biyu. Na farko, kuɗi ne babba, mai nauyi, ya yi baƙi. Na biyu, ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya. Na uku, wani ɗan guntun jan ƙarfe, siriri, ya yi tsanwa, ba rubutu ba zane.

Lokacin kuwa rumbu ya kusa kai ƙasa, gero bai ko yi bunni ba. Ɗansa babba, wanda ya taɓa zuwa Jado, ya duba babban kuɗin ya ce: "Baba, wannan na Rumawa ne. Na ga irinsa a salula, Turawa suna sayen sa da tsada." Wani dillali ya taya jika 10, duka ukun. Maƙerin garin ya ce azurfa ce mai kyau, a ba shi ya yi wa uwargida ƴan kunne. Jika 10 a tsakiyar damina tiya nawa ce ta gero? Wanda bai taɓa auna tsaba da hannu yana ƙirga bakin yara ba, shi ne zai ga wannan ƙaramin abu ne.

Amma mutumin ya ga haruffa a bakin kuɗin, kuma irin haruffan da ya sha wahalar koyo ne. Sai ya ƙi sayar da abin da bai karanta ba. Ya ɗaure su a ƙyalle, ya tafi wurin malamin da ya koya musu karatu.

"Malam, ga abin da hauya ta kawo mini. An ce na Rumawa ne. Su wane ne Rumawa?"

"Zauna, Baba. Kada ka goge shi da toka ko da tsamiya. Bari mu wanke da ruwa kawai."

Rum sunan birni ne, yana ƙasar Italiya. Shekara 2000 da suka wuce sarakunansa suna mulkin duk ƙasashen da ke kewaye da tekun arewa, har da inda Tunisiya, Aljeriya da Libiya suke yau. Rumawan da aka ambata a Suratur Rum cikin Alƙur'ani magadansu ne na gabas. Akwai abu biyu na Rum da ke cikin kowane gida a Damargu, ba a sani ba. Na ɗaya, haruffan boko nasu ne, A da B da C. Na biyu, kuɗinsu na azurfa sunansa dinariyus. Daga nan Larabawa suka sami dinari, daga dinari kuma Hausawa suka sami kalmar zinariya.

Sojan Rum sun zauna a Gadamas, garin da fatakensa suka daɗe suna ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano. Kudu da nan, a Fazzan, akwai wata al'umma, Garamantawa, babban birninsu Jarma. Su ne ke tsakanin Rum da ƙasashen baƙar fata. A kaburburansu an tono tulunan mai, fitilu da kwanukan gilashi na Rum masu yawa. Wani Barume mai suna Yuliyus Matarnus, wajen shekara ta 90 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata 4 zuwa kudu, har wata ƙasa mai yawan karkanda. Masana suna gardama a kanta har yau, wasu su ce Abzin ce, wasu su ce wajen tafkin Cadi.

Mafi shahara shi ne abin da aka samu a Abalesa, yamma da Tamanrasat, a 1925. An buɗe wani babban kabari da Abzinawa ke cewa na kakarsu Tin Hinan ne. An tarar da ƙasusuwan mace, da mundaye na zinariya da na azurfa a hannuwanta. An tarar da fitilar Rum, da wani ɗan fallen zinariya da aka danna a kan kuɗin Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, har hoton ya fito. Da wannan ɗan falle aka san zamanin kabarin. Ke nan kayan Rum sun shigo Sahara, hannu zuwa hannu. Amma sai an yi tafiyar makonni a kan raƙumi daga Abalesa kafin a iso Tanut, kuma kama da wane ba ta wane.

To, yaya ake gane kuɗin Rum? Malamin ya faɗa wa manomin alamu, kuma duk mai ido yana iya duba su.

Ba inji ya yi shi ba. Da guduma aka buga shi, ɗaya bayan ɗaya, don haka bai cika zagaye sosai ba, wani lokaci hoton ma ya karkace gefe. Yawanci ƙarami ne, bai wuce dala ko dala biyar ta yanzu ba. A fuska ɗaya akwai kan sarki, yana duban gefe, da rawanin ganye ko hula mai tsinaye. Haruffa manya sun kewaye shi, ba tazara tsakanin kalmomi. Sau da yawa ana ganin IMP ko AVG, wato laƙabin sarauta a taƙaice. Ba su rubuta U, sai su sa wani harafi mai tsini a ƙasa, V. Ba a buga shi da huda a tsakiya. Babbar alama kuwa ita ce wannan: Rumawa ba su san lambobin nan 1, 2, 3 ba. Daga hannun Larabawa lambobin suka shiga Turai, ɗaruruwan shekaru bayan faɗuwar birnin Rum. Duk kuɗin da aka rubuta wa shekara da lamba, ba na Rum ba ne, ko wa ya rantse.

Ban da kuɗi, abin da aka fi tsinta na Rum a ƙasashen da suka zauna shi ne allurar maƙala riga. Ta tagulla ce, bayanta a lanƙwashe kamar baka, da ƴar waya a murɗe a gindi, da ɗan gurbin da bakin allurar ke shiga. Akwai kuma zobe mai hatimi, da ƙananan makullai, da ƙararrawa.

Suka juya babban kuɗin. Manomin ya sa yatsa, ya karanta da kansa: 1, 7, 8, 0. Ya ɗaga kai, ya yi dariya.

"Ashe ba na Rum ba ne, Malam."

"Ba nasu ba ne, Baba. Karanta sunan."

Ya haɗa haruffan, M. THERESIA. Kan mace ne, da mayafi. A baya akwai tsuntsu mai kai biyu. Wannan shi ne riyal na Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun yarda da azurfarsa ƙwarai, har aka ci gaba da buga shi shekaru da shekaru bayan mutuwarta ba a canza shekarar ba. Saboda haka 1780 ɗin ma ba ta nuna ranar da aka yi shi. Nauyinsa giram 28. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi Gadamas, Gat da Abzin, shi ya riƙa kawo irinsa. Damargu kuwa zango ce babba a wannan hanya, nan mutanen Abzin ke sayen gero. A Tagelel ta Damargu ne Bature Bart, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairu na 1851. Hanyar ta mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Riyal da yawa sun ƙare a wutar maƙera, sun zama mundaye da zobba.

Mai hudar bai ba su wahala ba. Tauraro mai tsini 6, da rubutun Turanci da na Larabci: kwabo ne na zamanin Ingilishi a Najeriya, irin wanda masu zuwa cin rani Kano ke komowa da shi. Faransa ma ta yi ƙananan kuɗi masu huda, amma su ana ganin R da F a jikinsu.

Saura na uku, wanda dillali ya ce gyara ne kawai. Malamin ya daɗe yana juya shi. Ya kawo mayen ƙarfe, bai kama ba, wato ba baƙin ƙarfe ba ne. Tsanwar da ya yi kuwa alamar jan ƙarfe ce da ya daɗe a ƙasa. Ya ce shi ba zai sa masa suna ba, aikin masana ne. Amma ya ba shi labari. A 1353 wani matafiyi, Ibn Batuta, ya sauka a Takadda, wadda masana suka ce ita ce kufan Azelik, arewa da Ingal. Ya rubuta cewa mutanen garin suna narka jan ƙarfe, su yi shi sanda-sanda, su ne kuɗinsu. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu. Ya ce ana kai jan ƙarfen har Gobir da Barno. A Marandat kuma, kudu da Agadas, an tono dubban ƴan tukwanen narka ƙarfe da suka haura shekara 1000. Mutanen ƙasar nan sun iya aikin jan ƙarfe tun da daɗewa, ba sai an jingina wa Rum kowane tsohon abu ba. Mai yiwuwa guntun nan ya girmi riyal ɗin nesa. Mai yiwuwa kuma guntun munduwar wata tsohuwa ne. Abin da zai raba gardama shi ne wurin da ya fito: zurfinsa, da katangar tukwanen da ke kusa, da gawayi, da kashin maƙera. Daga gawayi ake auna shekaru. In ƙarfe ya shiga aljihun dillali, ya bi hannu uku, ba mai sake sanin gonar da ya fito, ya zama ƙarfe kawai.

An ga haka a Bura, wajen Tera. A 1975 aka gano wurin. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya tona shi bisa ƙa'ida, aka sami tulunan binne mutane da mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu. Da aka nuna kayan a Faransa a 1993, sai masu saye suka yi ca. Mutanen ƙauyuka suka shiga tono, suna sayarwa da arha, aka farfasa mafi yawan wuraren. Ba mugunta ta sa su ba, yunwa ce. Amma kuɗin ya ƙare tuni, kayan kuma suna gidajen wasu a ƙetare. A ranar 30 ga watan Yuni 1997 Nijar ta kafa doka mai lamba 97-022. Ta hana tono wuraren tarihi ba da izini ba, ta hana fitar da kayan daga ƙasa ba takarda, ta ce wanda ya tsinci abu ya shaida wa hukuma. Masu binciken irin waɗannan kaya suna Yamai, a cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, ana kuma ajiye su a gidan tarihi na Bubu Hama.

Manomin bai ji daɗin komawa gida ba jika 10 ba, kuma uwargida ta faɗa masa haka a fili. Ya sayar da ɗan akuya ya sayi gero. Ɗansa ya so ya kawo na'ura su bi gonar duka, uban ya hana. Ya je ya gaya wa mai gari, mai gari ya aika wa magajin gari. Malamin ya ɗauki hoton kayan da salula, gaba da baya, da tsinken ashana a gefe don a ga girmansu. Sa'an nan ya miƙa wa manomin alƙalami, ya ce shi ya tsinta, shi zai rubuta. Ya ɗauki rabin yini. Ga abin da ya rubuta game da na ukun:

"Guntun jan ƙarfe. Ya yi tsanwa. Tsawonsa ya kai yatsana na tsakiya, kaurinsa kamar tsinken tsintsiya biyu. Ba rubutu. Mayen ƙarfe bai kama shi ba. Na same shi a gonata ta kufai, taki 40 gabas da tsohuwar rijiya, zurfin taƙi ɗaya. Akwai katangar tukwane ja da kashin maƙera a wurin. Ban goge shi ba. Na aza duwatsu uku a inda ya fito."