Man ƙaiƙayi ɗaya, farashi uku

Jama'ar Taura, ku zo mu yi lissafi. Man nan na ƙaiƙayi mai sinadarin sitiroid, irin su Funbact-A da Skineal, kuɗinsa daban a wurin 'yan sari a Kano, daban a kemis ɗin Gujungu, daban kuma a tagar magani ta asibiti. Da talaka ya ji na asibiti ya ɗara, sai ya ce an cuce shi, gobe ya zarce kemis.

Ba duka bambancin ne zalunci ba. Ɗan sari katan-katan yake sayarwa, ko a Sabon Gari a da, ko a sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da aka tilasta wa 'yan sari komawa a 2024. Kafin kaya ya iso nan sai an biya mota, ga ajiya a wuri mai sanyi, ga asarar wanda ya lalace bai fita ba. Asibitocin gwamnati kuma da kuɗin maganin da aka sayar suke sake saro wani. In babu ɗan abin da aka ɗora, sai ma'ajiya ta ƙare. Faɗuwar naira da ficewar kamfanin GSK, mai yin man sitiroid na Dermovate da Betnovate, daga ƙasar nan, da aka sanar a 2023, sun ƙara dagula lamarin.

To amma araha ba ta ado. Sitiroid kwantar da ƙaiƙayi yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. A shafa shi a makero, sai ya lafa kwana biyu, ya dawo ya fi da faɗi. A daɗe ana shafawa, fata ta yi laushi kamar leda, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa. Jariri kuwa fatarsa zuƙe shi take yi har cikin jini. Masu haɗa shi da man bilicin su ne suka fi shan wuya.

Don haka abin da kake biya a asibiti har da idon wanda zai bambance kirci da makero, ya ce maka kwana kaza za ka shafa ka daina.

Sai dai wannan ba hujjar ɓoye farashi ba ce. Roƙona ga mahukuntan lafiya a Dutse: a liƙa farashin kowane magani a bango, a ba mutum rasit. Iyaye mata kuma, don Allah kada a shafa wa yaro man nan sai ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.