Baje Kayanka, Amma Kada Ka Binne Aibinsa

Ɗana, tunda Allah ya nufa ka kama rumfar kanka, kuma na ga rabin cinikinka a waya kake yin sa, akwai maganar da nake so ka riƙe tun kuɗi ba su fara yi maka daɗi ba. Mu 'yan kasuwa muna da sunaye da yawa na fito da kyan haja: baje koli, talla, kwalliya, yabo, zuga, kambamawa. Mai wucewa zai ɗauka duk tafiyarsu ɗaya. Wanda ya tsufa a rumfa ya san akwai iyaka a tsakiyarsu, kuma arzikin ɗan kasuwa da mutuncinsa sun rataya ne a kan sanin inda iyakar take.

Da farko, kada kunya ta hana ka nuna hajarka. A rashin kira karen bebe ya ɓata. Na ga masu kaya nagari da suka bar ƙura ta rufe musu rumfa, suna gyangyaɗi suna cewa kasuwa ta mutu, alhali maƙwabcinsu yana ta sallamar mutane. Ka yi sammako ka share wurinka. Ka jera atamfa yadda launi zai ɗaga launi, ka ware shadda daban, leshi daban. Ka san kowane yadi, inda aka saƙa shi da yadda yake komawa bayan wanki, domin mai saye yana gane wanda ya san kayansa tun daga amsar farko. Wannan shi ne baje koli, kuma gadonmu ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar tufafinmu suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kayan da ba a iya nuna su ba ba sa yin irin wannan tafiya.

Kwalliyar haja ma ba laifi ba ce. Je ka Ƙofar Mata ko garin Kura ka ga abin da ake yi wa turkuɗi bayan ya fito daga marina. Masu bugu sukan shimfiɗa shi a kan gungume, su yi ta dukansa da shuni har ya ɗauki walƙiya. Buzun da ya zo saye ya san bugu ne ya kawo wannan sheƙi, ya san shunin zai kama masa jiki, kuma abin da ya zo nema ke nan. Ana aikin a fili, ƙarar bugun tana kaiwa ƙarshen unguwa. To ga ma'aunin da nake so ka riƙe: duk gyaran da za ka iya yi wa haja mai saye yana tsaye yana kallo, kuma ya biya kuɗin da ka faɗa bayan ya gani, kwalliya ce. Duk wanda sai ka saki labule kafin ka yi shi, sunansa algus.

Ka san irinsa. Kwandon tumatir manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Buhun gero mai tsabta a baki, tsakiya tsakuwa da ƙaiƙayi. Mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Akuyar da aka ɗura wa ruwa da safiyar kasuwa. A sana'armu kuwa, a cire tambarin yadi a manna na wani. Masu yi suna kiran abin wayon kasuwa, amma addini ya daɗe da raba gardama. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Ya hana a ƙi tatsar dabba don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Ya hana mutum ya taya kayan da ba shi da niyyar saye don kawai ya zuga wani, abin da malamai ke kira najashi. Risalar Ibn Abi Zaid da ka karanta a zaure, a babin ciniki, ta haɗa ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa cikin abubuwan da ba su halatta ba.

Maigidan da na yi wa yaron shago ya koya mini wannan ba da wa'azi ba. Wata rana wata hajiya ta zo haɗa lefen ɗanta, ta zaɓi turmin da rana ta ci masa layi a wurin ninki. A naɗe ba mai gani. Har ta taya an kusa sallamawa, sai ya miƙe ya warware turmin ya nuna mata. Ya ce, "Hajiya, ga abin da ke jikinsa. In kin ɗauka a haka na rage miki, in ba haka ba ga wani." Ta ɗauki wani. Wancan turmin a ƙarshe faɗuwa aka yi a kansa. Amma daga ranar lefen gidansu da na danginta a rumfarmu ake haɗa shi, har ta kai sai dai ta aiko da kuɗi ta ce a zaɓar mata. Wanda ake aiko wa da kuɗi a ce ya zaɓa, shi ne ya ci kasuwa.

Nauyin da ke kanka ya fi namu. Mai sayenmu yana shafa yadi, ya ɗaga shi a rana, ya murza gefensa ya ga ko sitaci ne ya cika shi. Naka yana Maraɗi ko Jos, hoto kawai yake gani a WhatsApp, ya tura kuɗi ya jira mota. Kusan cinikin biri a sama yake yi, kai ne idonsa kai ne hannunsa. Saboda haka ka ɗauki hoton kayan da ke hannunka, a hasken rana, ba tare da ka sauya masa launi ba. Kada ka ari hoton wani. Ka faɗi adadin yadin. In na Sin ne ka ce na Sin ne, kada ka kira shi Holan. Kowanne yana da masu sonsa da kuɗinsa. Wanda kaya suka isa hannunsa ya ga ba su ba ne, ka karɓa ka mayar masa da kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Sai bakinka. Yaba abin da ke akwai, ka tsaya nan. Da ka fara "ba irinsa a kasuwar Kwari kaf", ka bar yabo ka shiga kambamawa, kuma gobe ko gaskiya ka faɗa za a rage mata wani abu. Rantsuwa kuwa ka nisance ta. Hadisi ya gargaɗe mu cewa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka. Na ga masu "wallahi" a kowane tayi sun tara cikin sauri, na kuma ga yadda abin ya zube. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Za ka ga ranar da faɗin aibi zai sa mai saye ya juya ya shiga rumfar kusa da kai. Zai yi maka ciwo, musamman in kuɗin haya ya matso. Ka daure, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Rabonka ba ya cikin aljihun wanda sai an rufe masa ido zai bayar. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare ka da cin haƙƙin kowa.