Ruwa ba ya tsami banza: wa zai auna, wa zai yi shela?

Ƙasarmu ba ta da teku. Mutumin Madawa in yana son ganin ruwan gishiri mai igiya sai ya keta Najeriya ko Benin, ya yi tafiyar da ta wuce kilomita dubu. Don haka duk wanda ya ji ana muhawara a ƙasashen Turawa a kan kuɗin da gwamnati ke warewa domin auna ruwan bakin teku da gargaɗin masu wanka, zai iya cewa wannan zancen ƙosassu ne. Ni kuwa ina ganin zancen ya fi shafar mu bisa gare su. Tabkin Keita, barajojin Adar, gulaben Majiya da na Tarka in damina ta sauka, su ne bakin tekunmu. A nan ɗiyanmu ke iyo, a nan iyayenmu mata ke wanki, a nan bisashe ke sha, kuma a ƙauyuka da dama a nan ake cika tulu. Bature in ya gama wanka sai ya fito ya sha ruwan kwalba. Ɗan Adar sau da yawa ruwan da ya yi wanka a ciki shi ne za a dama masa fura da shi.

Bari mu fara duba yadda su suke yi. A watan Oktoba na 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a kan wata doka da suke kira BEACH Act. Bisa wannan doka, hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta riƙa raba wa jihohin da ke bakin teku da manyan tabkuna kuɗi, kusan dalar Amurka miliyan 10 kowace shekara, domin aiki biyu tak: a ɗebi ruwa a gwada shi, kuma in an tarar da ƙazanta a sanar da jama'a. Abin da ake nema a cikin ruwan shi ne wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, irin su E. coli. In suka yi yawa an san bayan gida ya shiga ruwa, sai a kafa allo a rufe wurin. Ko a can kuɗin ba su zauna lafiya ba, domin tun daga 2012 fadar shugaban ƙasa ta sha neman a soke su, majalisa tana maido da su.

A Turai doka irin wannan ta girmi ta Amurka, tun 1976 aka kafa ta, aka sabunta ta a 2006. A Faransa ana liƙa sakamakon gwaji a wurin wankan kansa, kowa ya karanta da idonsa. Kogin Sen da ya ratsa birnin Paris an hana wanka a cikinsa tun 1923. An kashe kusan Yuro miliyar 1,4, wato sama da miliyar 900 na sefa, wajen tsabtace shi saboda wasannin Olamfik na 2024. Duk da haka, da aka yi ruwan sama gwaji ya nuna ƙazanta, sai aka ɗage wata gasar iyo da kwana guda, duniya tana kallo. Sai a watan Yuli na 2025 aka buɗe wa jama'a wasu wurare na kogin. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne wannan ɗagewa, domin ta nuna akwai wanda ya auna, kuma da ya auna bai ɓoye ba.

To, mu dawo gida. Ba wanda zai ce ba a yi aikin ruwa a Adar ba. Furojen Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO tun daga 1984, ya dasa itatuwa kusan miliyan 18, ya gina barajoji da shingayen duwatsu a kan koramu, ya haƙa rijiyoyi ɗaruruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. A kwarin Majiya na ƙasar Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun tare iska sun ceci gonaki. A fadamar Tarka albasa ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Ruwan da a da yake wucewa da gudu yana cin ƙasa, an koya masa tsayawa. Wannan alheri ne, kuma ba za mu gaji da faɗinsa ba.

Amma ruwan da ya tsaya yana da baƙinsa. Na farko a cikinsu tsargiya ce. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƴar ƙaramar katantanwa, ya girma a ciki, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko bai kurɓa ba. A Senegal, bayan an gama barajin Diama a 1986, cikin ƴan shekaru kaɗan wani nau'in wannan ciwo ya game garin Richard-Toll. Lokacin da nake yaro, a cikin tsaranmu masu zuwa tabki da rana tsaka, jan fitsari ba abin kai wa likita ba ne. Wasu ma suna ɗaukar sa alamar yaro ya fara zama namiji, har ana yi wa wanda bai fara ba dariya. Ba wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan ya ce mana jinin nan daga mafitsara yake fitowa, kuma in ya daɗe yana iya lalata ƙoda, ya bar yaro da ƙarancin jini, ya jawo wa ƴa mace wahala a gidan aure. Tun 2004 gwamnati ta fara rarraba maganin praziquantel a makarantu, an kuma ji daɗin hakan. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke cikin jiki ne kawai. Yaro ya sha yau, jibi ya koma tabkin da ba wanda ya duba katantanwarsa.

Wani zai ce to ai maganin abin shi ne fonfo, tunda ruwan ƙarƙashin ƙasa garau yake. A nan ne ya kamata kowa ya tuna da Tibirin Gobir, maƙwabtanmu na jihar Maraɗi. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatsi a garin, wadda daga baya kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, ya ci gaba da rarraba ruwanta. Ruwa ne mai kyan gani, ba wari, ba ɗaci. Amma yana ɗauke da sinadarin fuluwor ninki uku zuwa huɗu na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsayar, wato miligiram 1,5 a kowace lita. Aka shekara goma da ɗoriya ana sha. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe, wasu ba za su ƙara miƙewa daidai ba har abada. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH suka bi kadin lamarin, suka fitar da rahoto a 2002. Gwajin fuluwor ba ya cin yini guda, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta motar ofis ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ruwa ko kimar bai sani ba, sai an auna.

Sai kuma kwalara, wadda ba ta ba mutum shekaru kamar fuluwor, kwana ɗaya ya ishe ta. A damanar 2018 ta ɓulla a Madarumfa, ta bazu har cikin jihar Tawa, ta kama mutum sama da dubu 3 a ƙasar. A 2021 ta dawo da ƙarfi, ta kama sama da dubu 5, ta kashe fiye da 150. Duk lokacin da haka ta faru za ka ga motoci sun iso, an kafa tantuna, ana zuba jabel a rijiyoyi, rediyo yana ta gargaɗi dare da rana. Ma'aikatan lafiya suna aiki tuƙuru, Allah ya saka musu. Tambayata ita ce, ina wannan kuɗi da wannan murya suke a watan Yuni, lokacin da ruwan farko ke kwaso dattin gari yana zubawa a rijiyoyin da ba su da baki? Mun saba auna ruwa bayan an fara haƙa kabari.

A bakin aikina na taɓa shiga wani ofis na nemi a nuna mini sakamakon gwajin ruwan wata rijiyar ƙauye da mutane ke kuka da ita. Wanda na tarar mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya ce an gwada ruwan ranar da aka gama haƙa, takardar kuma tana wurin waɗanda suka ba da kwangila. Na ce tun daga ranar fa? Sai ya nuna mini babur ɗin ofis a jingine, ba mai a cikinsa. Ban ga laifinsa ba. Mai ba da tallafi yana son abin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto: shato, baraji, fonfo sabo ful. Ɗibar ruwa a kwalba duk wata uku ba ta da biki, don haka ba ta da mai ita. Ga kuma nisa. Ruwan da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa dole a riƙe shi da sanyi a kai shi ɗakin gwaji kafin ya kwana ya yini, alhali babban ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, kusan kilomita 500 daga Madawa.

Amma kada mu ce abin ya fi ƙarfinmu, domin mun taɓa yin sa. Ku tuna da kurkunu. Binciken da aka yi a 1991 ya ƙirga masu wannan ciwo sama da dubu 30 a Nijar. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tabki, ta shekara a jiki, ta fito daidai lokacin noma ta kwantar da magidanci. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da me aka ci ta? Da ƙyallen tacewa a bakin tulu, da magani da ake zubawa a tabkin da aka san ya kamu, da kuma mutum guda a kowane ƙauye mai riƙe da littafi, yana rubuta duk wanda tsutsa ta fito masa, yana hana shi shiga ruwa, yana aika labari kowane wata. Ina tune da ƙyallen nan a gidanmu, da yadda mahaifiyata ba ta yarda ko baƙo ya zuba ruwa a randa ba tare da shi ba. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da sauran abokan aiki sun taimaka da kuɗi, amma idon da ya tsare tabkunan na ƴan ƙauye ne. An ga na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa a 2008, kuma a 2013 OMS ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Aunawa da shela ne suka yi wannan aiki.

Na san abin da za a ce mini: ƙasa tana fama da tsaro da yunwa, baitulmali ba shi da rara. Gaskiya ne. Sai dai abin da nake roƙo ƙarami ne in an gwada shi da kuɗin tantunan kwalara. A yau akwai akwatin gwaji da mutum ɗaya zai ɗaura a bayan babur, ya ba da amsa washegari ba tare da an je Yamai ba. Dokar ruwa ta 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma haƙƙin sha ba ya cika in ba a san abin da ake sha ba. A ware layi guda a kasafin kuɗin ƙasa da na kowace ƙaramar hukuma, mai suna gwajin ruwa, wanda ba za a karkatar da shi zuwa wani abu ba. A ba Madawa da Buza da Keita kowace akwatinta da man babur ɗinta. A gwada kowace rijiyar burtsatsi kafin a buɗe ta, a kuma riƙa maimaitawa. A duba tabkuna da barajoji a farkon damina da lokacin da ruwa ya fara ja, tare da fitsarin ƴan makarantar da ke kusa da su.

Rabin aikin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne faɗi. Sakamakon da aka rubuta da Faransanci aka kulle a durowa bai taɓa tsirar da kowa ba. A faɗe shi da Hausa da Tamajak, a rediyon karkara, a masallaci bayan sallar Juma'a, a bakin mai shela ranar kasuwa, a hannun mai gari da malamin makaranta. Kuma gargaɗin ya zo da dabara, domin wanda ba shi da wani ruwa sai na tabki ba za a ce masa kawai ya bari ba. A ce masa ya tace, ya tafasa ko ya sa ƙwayar Aquatabs in na sha ne. A ce masa ruwan wanka in ya kwana biyu a ajiye tsutsar tsargiya ta mutu. A ce masa wace rijiya ce ta fi dama a kusa, ko da ta fi nisa da taki ɗari biyar.

Wasu shugabanni suna tsoron kada labarin gurɓatar ruwa ya tayar da hankalin jama'a ko ya zubar musu da girma. Mutanen Tibiri da an tayar musu da hankali a shekarar farko, da yau ɗiyansu suna tafiya a kan ƙafafunsu. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Jama'ar Adar suna da kunne, sun kuma nuna a zamanin kurkunu cewa in an faɗa musu gaskiya suna aiki da ita. Saura gwamnati ta biya kuɗin awo, ta kuma ba da izinin shela, kafin wata daminar ta cika tabkunanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana ɗiyanmu.