Haidarabad a Makon Baahubali

Jinya ce ta kai ni Indiya a watan Afrilun 2017. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana fama da gwiwa har sujada ta gagare shi, likitoci suka ce sai an yi aiki, dangi kuma suka ɗora mini rakiya. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauya jirgi a Adis Ababa, daga nan sai Mumbai, sannan jirgin cikin gida ya ƙarasa da mu Haidarabad. Kafin mu bar gida sai da muka nemi katin rigakafin shawara da shaidar ɗigon foliyo, domin tun da aka tabbatar Indiya ta rabu da shan inna a 2014 take neman wannan shaida daga matafiyan Najeriya, babba da yaro.

Filin jirgin yana Shamshabad, kudu da birnin. Tun daga kan doguwar gadar da ke shiga gari na fara ganin fuska ɗaya tana maimaituwa: wani ƙato mai gemu da dogon gashi, riƙe da kwari da baka, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci tare da wata mace ita ma ta ɗana kibiya. Yana jikin alluna, yana bayan motocin bas, yana bayan kekunan nan masu ƙafa uku da muke kira a-daidaita-sahu. Ban buƙaci a karanta mini rubutun Telugu ba. Duk wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ya san jarumi Prabhas, ya kuma san cewa ranar 28 ga Afrilu za a saki kashi na biyu na fim ɗinsa Baahubali.

Masaukinmu yana Tolichowki, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa, Somaliyawa da Sudaniyawa da 'yan uwanmu, wasu ɗalibai, wasu majinyata. Haidarabad gari ne da Musulmi ba ya jin baƙunta a cikinsa. Kiran salla yana tashi ta ko'ina, Urdu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Telugu, nama kuma ba a tambayar wanda ya yanka. Ranar Juma'a na tafi tsohon gari, na yi salla a Makka Masjid, na fito na tsaya a gindin Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da Sarki Muhammad Quli Qutb Shah ya gina a 1591. Zafin ya kai na Kano a irin wannan wata. Na sha shayin da suke kira na Iran, mai madara da kauri, da biskit ɗin Osmania, ina kallon masu sayar da awarwaro. Ko a can, a bakin masallaci, hirar samari ɗaya ce: me ya sa Kattappa ya kashe Baahubali?

Wanda bai kalli kashi na farko ba zai yi mamakin yadda tambaya ɗaya ta riƙe ƙasa guda shekara biyu. Fim ɗin ya fito a watan Yulin 2015, S. S. Rajamouli ne ya ba da umarni, mahaifinsa Vijayendra Prasad ya tsara labarin. Labarin wata masarauta ce ta ƙirƙira, Mahishmati, da 'yan uwa biyu da ke takarar gadon sarautarta. A minti na ƙarshe sai amintaccen bawan gidan, Kattappa, wanda ya raini Baahubali ya koya masa takobi, ya buɗe baki ya ce shi ne ya soke shi ta baya. Nan fim ya tsaya. Mu a Kano mun kalle shi a faifai da wayoyi, da muryoyin masu fassarar Indiya-Hausa, muka yi ta musu a majalisa. Yanzu ga ni a garin da aka yi shi, domin yawancin ɗaukar a Ramoji Film City aka yi, a bayan gari, ga amsar tana jirana a kan kuɗi kaɗan. Amma sai na kasa yanke shawara.

Na farko dai, jinya na zo. An yi wa Kawu aiki lafiya, ya fara taka ƙafa da ƙarfen dogarawa, amma ni ne bakinsa wajen ma'aikatan jinya, ni ne mai ɗauko masa ruwan alwala. Kuɗin da ke aljihuna kuwa karo-karo ne na dangi, a shekarar da naira ta sha kashi. Tikitin halak bai wuce rupi 200 ba, sai dai a kwanakin farko babu shi, 'yan bumburutu sun kwashe suna sayarwa ninki-ba-ninki. Sannan akwai tarbiyya. Na tashi a gidan da ake ɗaukar silima matattarar 'yan iska, kuma duk da an buɗe ta zamani a Ado Bayero Mall, ƙafata ba ta saba ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoro. A ƙarshen watan Maris na shekarar, wata guda kafin isarmu, wasu gungun mutane suka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, har cikin wani katafaren kanti, bisa zargin da ba a tabbatar ba. Bidiyon ya zaga wayoyinmu kafin mu taso. Haidarabad tana da nisa da can, ba kuma wanda ya ɗaga mini murya, amma shiga ɗaki mai duhu cikin ɗaruruwan samari masu zumuɗi, ni kaɗai baƙar fata, abu ne da ke buƙatar tunani. Kuma ban manta yadda kashi na farko ya nuna maƙiyan Mahishmati, mayaƙan Kalakeya, ba: baƙaƙe wuluk, da munanan haƙora, suna wani yare na ƙirƙira mai ƙyas-ƙyas a harshe. Ɗan Afirka ba zai ga wannan ya ce bai gane inda aka dosa ba. Na ji zafinsa a 2015, har yau kuma ina ganin aibi ne a fim ɗin. Sai na riƙa ce wa kaina: nan da 'yan watanni fassarar Hausa za ta fito, in kalla a ɗakina, in ji kowace kalma.

Kawu ne ya warware. Wata yamma ya ga ina kallon tallan fim ɗin a talabijin ɗin ɗakin, ya ce, "Kai ɗan nan, har yanzu ba ka je ba?"

Na ce, "Kawu, in bar ku a gado in tafi kallo?"

Ya yi dariya har ya dafe gwiwa. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, yadda yana saurayi yake sulalewa bayan isha'i zuwa Plaza a Fagge, ko El Dorado a Sabon Gari, gidajen da ba su da rufi, taurari a sama, Amitabh da Dharmendra a bango. Ya ce Sholay ya kalla har ya haddace, bai kuma san Indiyanci ko kalma goma ba. "Wa ya gaya maka da kunne ake kallon Indiya? Ka zo garin masu abu, ka ce sai ka koma gida ka leƙa a waya? Zuwa da kai ya fi aike. Tashi ka je, ka dawo ka gaya mini dalilin tsohon nan." Ya zaro kuɗi daga aljihun kansa, don kada in ce na taɓa na jinya.

Direban keken da ke kai ni asibiti, wani matashi Musulmi ɗan tsohon gari, shi ya samo tikiti biyu na kallon rana, bayan cinkoson makon farko ya ɗan lafa. Ya ce in ina son ganin yadda mutanen Telugu ke kallon fim, in bar manyan kantuna masu sanyi, mu tafi RTC Cross Roads, mahaɗar da tsofaffin gidajen silima masu allo ɗaya suka taru. Da muka isa, hoton Prabhas na katako ya fi bene tsawo, an rataya masa furanni, an kuma ce a ranar farko har madara masoya suka yi ta kwarara masa. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne layin: tsofaffi mata da sari, mata masu baƙin nikabi, magidanta riƙe da yara. Wasu sun kalle ni, wani yaro ya tambayi daga ina, na ce Najeriya, ya miƙo hannu muka gaisa. Shi ke nan.

Kafin a fara sai kowa ya miƙe tsaye aka sa taken ƙasa, domin a lokacin akwai umarnin Kotun Ƙolin Indiya na Nuwamban 2016 da ya wajabta haka a gidajen silima. Na miƙe tare da su. Sannan fitilu suka mutu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Fim ya buɗe da Sivagami, uwar masarauta, tana tafiya ba takalmi da kaskon wuta a ka, giwa ta ɓalle tana tunkarar ta. Lokacin da Baahubali ya fasa ƙofa ya fito yana jan wata ƙatuwar karusa don tare giwar, ɗakin ya kece da fito da ihu, samarin gaba suka watsa yagaggun takardu sama har hasken injin ya cika da su. Kiɗan M. M. Keeravani yana bugawa a ƙirjina. Ba rubutun fassara a ƙasan allo, abokina yana ɗan raɗa mini da Turancinsa mai gaɓa-gaɓa, amma ba da jimawa ba na ce ya bari. Kawu ya yi gaskiya. Fuskar Ramya Krishnan, wadda ta fito a Sivagami, ta ishe ka sanin an ɓata mata rai ko an yaudare ta.

Rabin farko shi ne ƙarfin fim ɗin, kuma a ganina ya zarce kashi na farko gaba ɗaya. Baahubali ya ɓad da kama ya shiga ƙaramar masarautar Kuntala, ya haɗu da gimbiya Devasena, wadda Anushka Shetty ta fito a matsayinta. Akwai wurin da su biyun suka tsaya a wani dogon soro suna harba kibiya uku-uku a lokaci guda, jikinsu yana juyawa tare kamar sun shekara suna gwaji. An nuna soyayya a nan ba tare da kowa ya furta ta ba. Sai naɗin sarauta, dab da hutun rabin lokaci. An ba Bhallaladeva, ɗan uwan Baahubali, gado, Baahubali ya koma shugaban mayaƙa, amma da ya zo rantsuwa talakawa suka ɗauki sunansa suna kira, sojoji suna buga masu a ƙasa, giwaye suna kuka, har kujerar sabon sarki ta fara girgiza. Mutanen da ke kewaye da ni su ma suka ɗauka. Na rasa bambance ihun allo da ihun ɗaki, kujerata ma tana rawa. Wannan ne abin da waya ba za ta taɓa ba ni ba, kuma don shi aka gina wurin haka.

Da aka zo amsar tambayar, ɗakin ya yi tsit. Bhallaladeva da mahaifinsa sun kitsa makirci har Sivagami ta yarda Baahubali, ɗan da ta raina, yana shirin kashe sarki, ta ba Kattappa umarni. Shi kuma zuriyarsa ta yi rantsuwar bauta wa gadon Mahishmati, ko wa ke kai. Bakano ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin mun san matsayin bayin sarki a fada, su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, mutanen da amanarsu ga gidan take. Abin da ya sa wurin ya yi ciwo shi ne Baahubali kawu yake kiran wannan tsoho, kuma ya je wurin ne don ya cece shi. Matar da ke gabana ta rufe fuska da gefen sarinta. Ni ma idona ya kawo ruwa.

Ƙarshen bai kai farkon ba. Yaƙin ɗan Baahubali da Bhallaladeva an yi shi da gaggawa, kuma wurin da mayaƙa ke lanƙwasa bishiyoyin giginya su harba kansu bisa ganuwa cikin garkuwa ya wuce abin da zuciyata za ta ɗauka, ko da yake yaran da ke ɗakin sun yi ta tsalle. Fim ɗin ya kusa awa uku. Akwai gumaka da bukukuwan bauta a ciki, kamar yadda duk mai kallon Indiya ya sani. Labarin mutanen ne da addininsu, na kalla a matsayin baƙo, na fito na yi la'asar a wani masallaci da ke kusa.

Da dare na zauna a gefen gadon Kawu na ba shi labari tun daga giwa har ƙarshe. Da na kai kan Kattappa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai laifin uwar ne, da ta yanke hukunci ba ta ji ta bakin ɗanta ba." Muka yi ta muhawara har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage murya. Kafin mu baro garin jaridu suka ba da labarin cewa fim ɗin ya zama na farko a tarihin Indiya da ya tara rupi biliyan 10 a duniya, cikin kwana goma kacal.

Bayan mun dawo Kano na kalli fassarar Hausa, na ji maganganun da suka wuce ni, na kuma ji daɗinsu. Amma naɗin sarautar nan, a allon waya, taron mutane ne kawai suna ɗaga hannu. Yawancin finafinai ba su rasa komai in an kalle su a gida, kuma kashi na biyu na fim sau da yawa neman kuɗi ne da sunan na farko. Baahubali na biyu ba ya cikinsu, ya cancanci kuɗin tikiti da zafin ranar da na sha. Roƙona ga masu gidajen silima na Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu shi ne su yawaita kallon rana, su tsare mutuncin wurin, su sa farashin da magidanci zai iya zuwa da iyalinsa, kamar yadda na ga ana yi a RTC Cross Roads.