Shekarar Gardamar Babban Jirgi

A Yauri ta ƙuruciyata, idan ana son sanin nauyin magidanci ba rumbunsa kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ya ɗaure a bakin kwata. Akwai mai kwalekwalen sassaƙe, wanda aka fafe daga gungume guda, mutum biyu da komarsu sun cika shi. Akwai mai jirgin katako da ake turawa da gwangwala a gefe, a ja da filafili idan an shiga zurfi. Sai masu inji, su ma hawa-hawa ne. Mahaifina yana matakin farko na masu inji: jirgin katako madaidaici da Yamaha mai doki 15, wanda yake saɓawa a kafaɗa ya kawo gida kowace magariba, ya jingine a zaure. Da shi yake fito tsakanin Yelwa da Rofiya, ran kasuwa kuma ya ɗauko albasa da bandar kifi daga ƙauyukan gaɓa.

Baba ya san Kwara tun tana kogi. Ya riga ya zama saurayi lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa, aka tashi Gungawa daga tsibiransu aka gina musu sababbin ƙauyuka a gaɓa. Abin da tafkin ya yi wa sana'ar jirgi shi ne ya tsawaita tafiya. Kasuwannin da ke kudu, irin su Warra da Malale, suka zama wuraren da mai babban jirgi zai je ya dawo da riba, ga hanyoyin mota kuwa a lokacin sai a hankali. Duk wanda yake da ƙaramin jirgi yana kallon manyan nan masu rumfa suna wucewa, ruwansu yana jijjiga nasa, kuma ba sai an faɗa ba, zuciya takan raya masa wani abu.

A gidanmu Baffa ne ya fito da maganar fili, ƙanin Baba, autansu. Ya yi shekaru yana yaron jirgi a wurin wani attajiri, ya ga kuɗin da ake ƙirgawa da daddare bayan an tashi kasuwa. Wajen 1985 ya dawo gida da aure da ɗan jarinsa, ya ce su haɗa hannu, a sayar da ƙaramin jirgi da injinsa da shanu biyu na gado, a sa kafinta ya ƙera musu babba, a ɗaura masa inji mai doki 75.

“Yaya, mu fa ba gaba muke yi ba,” in ji shi. “Kullum Rofiya, kullum Rofiya. Abin da kake samu a wata, mutanen nan a kasuwa ɗaya suke ɗaukarsa.”

Baba ya ce, “Na ji, Auta. Ran kasuwa ka ƙirga. Sauran kwanakin fa, wa zai cika mana shi?”

Bai ce a'a ba, ba halinsa ba ne. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a da ta ba mutane mamaki: idan ya gama fitonsa ya ɗaure jirgi, ya koma gindin manyan jiragen ya zauna, yana taya matuƙansu hira. Ni nake binsa da littafin makaranta da fensir, don shi da ajami yake rubutu kuma ya ce lissafin boko ya fi saurin haɗuwa. A nan na fara sanin cewa kuɗin sayen jirgi shi ne mafi sauƙi a cikin maganar.

Mai ne farko. Injunan nan na bayan jirgi fetur ake haɗa musu da baƙin mai, kuma shansu yana bin ƙarfinsu. Namu mai doki 15 ko an murɗa shi iyaka ba ya kai lita 8 a awa. Mai doki 40 yana shan wajen lita 20, balle wanda Baffa yake so. Kuma inji bai san ko jirgi cike yake ko wayam ba, abin da zai rage kaɗan ne. Wani tsohon matuƙi ya gaya wa Baba cewa kowa yana lissafin zuwa, ba mai lissafin dawowa. Ka kai albasa Malale jirgi ya nutsa har baki, ka juyo da fasinja shida da akuya, man dawowar daga ribar zuwan zai fita.

Sai mutane. Ƙaramin jirgi Baba da ni mun ishe shi, shi a inji, ni ina kwarfe ruwa da gwangwani. Babba yana son matuƙi, da mai tsayawa a goshi yana duba hanya, da masu kwarfa, da yaran lodi, da wanda zai kwana a ciki don injin ya fi ƙarfin a saɓa shi zuwa gida, ɓarayin inji kuwa ba su taɓa ƙarewa a bakin ruwa ba. Duk waɗannan sai sun ci abinci ko an fita ko ba a fita ba. Inna, wadda ba ta cika sa baki a zancen maza ba, ta ji ana wannan lissafi a tsakar gida ta ce, “Malam, ashe ƙarin aure ne za ku yi. Sadakin ba shi ne abin ji ba, cefanen ne.” Baffa bai yi dariya ba.

Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne ruwan kansa. Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara: farin ruwa na damina, mai laka, da baƙin ruwa wanda yake tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana cikin sanyi. Daga bazara zuwa farkon damina tafkin yakan ja baya sosai, kwata ta yi nisa, inda jiya ake ɗaure jirgi ya zama taɓo. Shekarun nan kuwa na fari ne. A 1985 ɗin nan kogin ya kai ga tsayawa cik a Yamai, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ji ba. Da ruwa ya janye sai itatuwan da tafkin ya nutsar suka fara leƙowa, kututture birjik, wasu ana ganinsu, wasu suna ɓoye kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Ƙaramin jirgi yana bi ta kansu ko ya ratsa tsakaninsu. Babba mai lodi yana zama can ƙasa, idan ya hau kututture da gudu ko dai filafilin inji ya tafi, ko katako ya tsage. Kuma ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya nesa a riƙa yi masa jigila da ƙananan kwalekwale, wannan ma wani kuɗin ne.

Baffa yana da amsa, kuma amsarsa ba ta banza ba ce. Ya ce a tsakiyar tafki, wajen tsibirin Foge inda ruwa ya yi faɗin da ba ka hango gaɓa, idan hadarin farkon damina ya taso ƙaramin jirgi ne yake fara kifewa. Gaskiya ne. Ya ce kayan inji daga waje ake kawo su, kullum tsada suke ƙarawa, wanda bai saya yau ba gobe ba zai iya ba. Wannan ma gaskiya ne, fiye da yadda shi kansa ya zata.

Akwai magana ɗaya da Baba bai sa na rubuta ba, a hanyar gida ya yi mini ita. Ya ce shi yanzu idan jirginsa ya cika, fasinja ya zo yana roƙo, yana iya ce masa ya jira sahu na gaba, don ba wanda yake binsa bashi. Amma wanda ya sayar da shanunsa, ya ranto sauran, ya zuba mai na kuɗi masu yawa, ga yara biyar suna jiran sallama, idan ya ga mutum talatin a kwata bayan jirgi ya cika, bakinsa ba zai iya cewa a'a ba. Zai ce a matsa, a ɗora buhu kan buhu, Allah zai kiyaye. Ya ce ba mugunta ke sa su ba, lissafi ne yake tura su, kuma shi ba ya son ya shiga lissafin da zai hana shi korar fasinja. Na tuna da wannan magana ranar 26 ga Mayu, 2021, da labari ya zo cewa jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa kasuwar Warra ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai suka ce lodi ya yi yawa, jirgin kuma ya tsufa.

Da aka kai ƙarshe, Baba ya zaɓi tsakiya. Ya je wurin wani kafinta Banufe da ke ƙera jirage a bakin ruwa, suka yi ciniki a kan jirgin da ya ɗara namu tsawo da faɗi amma mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ba ya neman zurfi. Ya tsaya a kan katakon maɗaci, ya ƙi farin katako mai araha da yake shan ruwa ya ruɓe. Na yi makonni ina zuwa kallo bayan makaranta: yadda ake lanƙwasa katako, a buga ƙusa a tanƙwashe bakinta, a cusa tsumma a tsagu a bi da narkakkiyar kwalta. Ya sayar da tsohon jirgin da saniya ɗaya, ya sayi inji mai doki 25 na hannu, ya bar ɗayar saniyar da ɗan kuɗi a ƙasa, yana cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsohon injin bai sayar ba. Ya ce ran da sabon ya ƙi tashi ba zai zauna a gida ba.

Baffa ya yi fushi, ya karɓi rabonsa, ya haɗa kai da abokansa biyu suka yi nasu babban jirgin. Suka sayi inji 'yan watanni kafin gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a watan Satumba na 1986, bayan nan kuɗin inji ya tashi ya bar kowa a ƙasa. Shekarun da suka biyo baya nasa ne. Fetur kwabo 39 da rabi ne lita da farko, albasar Yauri tana tafiya kudu mota-mota, jirginsu ba ya kwana wayam. Ya yi ginin bulo, ya sauke farali, ya biya wa kakarmu kujerar Makka. Duk wannan Baba yana fitonsa, yana zuwa Warra jefi-jefi idan ya tabbatar da kayan dawowa. Mutane suka yi ta cewa tsoro ya hana shi arziki, ni ma a lokacin ina jin kunya idan jirgin Baffa ya wuce namu.

Sai mai ya juya. Ƙarshen 1993 lita ta koma naira 3 da kwabo 25, a 1994 ta kai naira 11, kuma ko da kuɗinka babu shi a gidan mai, sai wurin 'yan bumburutu. Kainuwa ta riga ta fara toshe mashigai tana naɗe filafili. Babban jirgi ya koma fita sau ɗaya a mako, daga baya sai an haɗa masa kaya tukuna. Abokan tarayya suka fara zargin juna a kan kuɗin gyara, don jirgin ya isa a fitar da shi tudu a sauya masa katakon gindi, aikin da yake son mutane da yawa da kuɗi a dunƙule, kowa kuma yana cewa ba yanzu ba. Aka ja shi gaɓa da niyyar wata guda. Rana ta busar da shi, tsagu suka buɗe, aka sayar da injin aka raba kuɗin. Baffa ya dawo yana tuƙa jirgin Baba, Baba kuma ya koma zama a kwata yana karɓar kuɗin fito. Ban taɓa jin ya ce masa “ai na gaya maka” ba.

Idan aka tambaye ni wa ya yi daidai, ba na saurin amsawa. Baffa ya ci moriyar shekaru bakwai ko takwas da Baba bai ci ba, gidan da ya gina har yau 'ya'yansa suna ciki. Da shi kaɗai ne mai jirgin, da ya ware kuɗin gyara tun ana samu, wataƙila da labarin ya sha bamban. Baba kuwa ya yi taka-tsantsan har ya wuce kima a wasu wuraren. Akwai shekarun da ya isa ya ƙara girma bai ƙara ba. Amma a kan tambayar da suka faro da ita, wato wane jirgi gidanmu zai iya ciyarwa a shekarar da ba ta yi kyau ba, shi ne ya yi daidai, kuma ba a taɓa rasa rai a jirginsa ba.

Yanzu 'ya'yan ƙannena ne suke wannan gardama, tun bayan da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sai dai su zancensu na jirgin faiba ne da inji mai doki 40. Duk mai irin wannan niyya, kada ya yi lissafinsa ran kasuwa cikin baƙin ruwa. Ya je kwata a watan Yuni, ranar da ba kasuwa, ya tambayi matuƙa nawa suka sha mai zuwa da dawowa, ya duba inda jirgin da yake so zai iya tsayawa. Ya sa kuɗin gyaran shekara a ciki, da rigar ruwa ta kowane fasinja. Idan kuɗinsa bai kai nan ba, ya sayi wanda bai kai wancan girma ba.